Tseren Mata a Cikin Ruwan Sama: Juriya Daban, Ganganci Daban

A wannan wata za mu leƙa duniyar wasanni, wurin da ba mu cika zuwa ba, domin akwai wani labari na mata da ya kamata kowace uwa ta ji. Labari ne na abin da mutum zai yi idan hadari ya riske shi ranar da ya daɗe yana jira.

Akwai wata gasa da ake kira tirayatalon, wato tsere uku a haɗe. A tsarin gasar Olamfik, 'yar wasa za ta fara da ninƙaya ta mita 1,500 a kogi ko teku, tana fitowa ta haye keke ta yi kilomita 40, kusan nisan Kano zuwa Wudil ke nan, tana sauka kuma ta zura takalmi ta yi gudun kilomita 10. Babu hutu a tsakani, domin ko lokacin sauya takalmi agogo bai daina lissafi ba. An fara wannan wasa a birnin San Diyego na Amurka a 1974, ya shiga gasar Olamfik a birnin Sidni a 2000. Tun da a fili ake yin sa, ba a cikin ɗaki ba, duk abin da sama ta sauko da shi a ranar, a jikin 'yan wasa zai ƙare.

Haka ta faru ranar Talata 27 ga Yuli, 2021 a birnin Tokiyo na Japan. Masu shirya gasar zafi suka fi tsoro, shi ya sa suka tsayar da ƙarfe 6:30 na safe. Sai ga wata guguwa mai suna Nepartak ta taso daga teku, aka wayi gari ana zabga ruwa da iska, har aka jinkirta farawa da minti 15. Mata fiye da 50 ne suka faɗa ruwa a safiyar, amma fiye da kashi ɗaya bisa uku ba su kai ƙarshe ba. Wasu faɗuwa suka yi, wasu kuma an bar su a baya har na gaba suka zagayo suka cim musu, doka kuwa ta ce wadda aka zagayo aka tarar a tseren keke fitar da ita za a yi.

Uwargida za ta ce, mutanen da daga cikin ruwa suka fito, mene ne abin damuwarsu da ruwan sama? Matsalar a kan keke take. Tayar keken tsere siririya ce, faɗinta bai kai santimita 3 ba. Idan kwalta ta jiƙe, farin fentin da ke kan titi da murafun ƙarfe na magudanan ruwa sai su koma kamar an shafa musu kuɓewa. Birki ba ya kamawa da wuri, feshin tayar ta gaba yana rufe wa ta baya ido, ga shi a cunkushe suke tafiya, ɗaya na zamewa sai ta kwashi na kusa da ita. Hanyar Tokiyo kuwa zagaye 8 ce mai yawan kwana. A irin wannan rana gwanaye kan rage iskar taya kaɗan don ta ƙara kama ƙasa, kuma sukan matsa birki tun kafin su shiga kwana, ba a tsakiyarta ba. Mai gaggawa ita ke kwana a ƙasa. Sannu ba ta hana zuwa.

Wadda ta lashe zinariya a ranar ita ce Flora Duffy, 'yar shekara 33, daga tsibirin Bamuda, wanda mutanensa duka ba su kai 70,000 ba. Ta kammala cikin awa 1 da minti 55 da daƙiƙa 36, ta ba ta biyu tazarar fiye da minti ɗaya. Wanda ya gan ta a ranar kaɗai zai ce sa'a ce, amma tarihinta ya nuna ba haka ba ne. A gasar Bejin ta 2008, ita ma fitar da ita aka yi daga tseren keke, har ta jingine wasan na wani lokaci ta koma makaranta. A Landan a 2012 ta faɗi da keke, ta ƙare a ta 45. A Riyo a 2016 ta zo ta 8. A tsakanin waɗannan shekaru ta riƙa shiga wani nau'in gasar da ake yi a daji, ana tuƙa keke a kan duwatsu da taɓo, har ta zama zakarar duniya a cikinsa sau 5 kafin ta je Tokiyo. Macen da ta saba riƙe keke a cikin laka, jiƙaƙƙiyar kwalta ba za ta razana ta ba. Ruwa ɗaya ne ya daki kowa, amma ba kowa ce ta taɓa atisaye a cikinsa ba. Gaskiyar masu magana, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta biyu, Georgia Taylor-Brown 'yar Birtaniya, nata darasin daban ne. Watanni kaɗan kafin gasar da sanduna take tafiya saboda ciwo a ƙashin cinya. Ta warke ta zo, tana cikin na gaba, saura ƙiris a ajiye keke sai tayarta ta baya ta yi faci. Ba ta tsaya kuka ba, ba ta kuma yi fizgar da za ta kayar da ita ba. A hankali ta lallaɓa keken ta ƙarasa, abokan tafiyarta suka ba ta ratar daƙiƙa 22. Da aka shiga gudu ta riƙa wuce su ɗaya bayan ɗaya har ta karɓi azurfa. Ta shida kuwa, Nicola Spirig ta ƙasar Suwizalan, shekararta 39 a lokacin, kuma uwa ce mai 'ya'ya uku.

To amma kada uwargida ta ɗauka darasin shi ne a rufe ido a afka wa kowane irin yanayi. Abin da ya faru a birnin Faris a 2024 ya nuna ɗaya gefen. A kogin Sen da ya ratsa birnin aka shirya ninƙayar, kogin da a wancan lokacin an haramta wanka a cikinsa tun 1923 saboda ƙazanta. Hukumomin Faransa sun kashe kimanin Yuro biliyan 1.4 wajen tsabtace shi. Sai aka yi ruwa mai ƙarfi ranar bikin buɗe gasar da washegari. Tsofaffin magudanan birnin hanya ɗaya suke bi da ruwan sama da na bayan gida, idan suka cika sai su tumbatsa cikin kogi. Da aka auna ruwan aka ga ƙwayoyin cuta sun yi yawa, sai aka soke atisaye, aka kuma ɗage tseren maza daga 30 ga Yuli zuwa 31. 'Yan wasan da suka shekara uku suna jiran ranar ba su so haka ba, amma suka haƙura. Sai da awo ya nuna ruwan ya gyaru aka bar su suka shiga. A ranar ma mata a kan jiƙaƙƙen titi suka yi tserensu, da dama suka zube, Cassandre Beaugrand 'yar Faransa ta yi nasara.

Ki lura da bambancin. Ruwan sama da santsi da faci, waɗannan ana fuskantarsu da shiri da natsuwa. Gurɓataccen ruwa da tsawa kuwa ba a yi musu jarumta, kauce musu ake yi. Hatta zafin ruwa da sanyinsa suna da doka a wannan wasa: idan ruwa ya yi sanyi sosai dole a sa rigar roba mai riƙe ɗumi, idan ya wuce kima a soke ninƙayar baki ɗaya.

Nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Idan birni kamar Faris, da duk dukiyar da ya zuba, bai yarda ƙwararrun masu iyo su shiga kogi bayan ruwan sama ba sai an auna, yaya kududdufin bayan gida da yaranmu ke rugawa cikinsa da zarar ruwa ya ɗauke? Duk abin da ke cikin kwatami da juji can ya gangara, daga nan ake kwaso gudawa da amai da zazzaɓin taifot, ban da haɗarin nutsewa a ramin da ba a san zurfinsa ba. Haka kuma a koya wa yara cewa da sun ji tsawa su fita daga ruwa, su bar fili, kada su fake a gindin bishiya, su shiga cikin gini, su jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Yaron da ke zuwa makaranta a keke a nuna masa ya rage gudu tun kafin kwana, ya kuma guji fentin titi. Idan ke ce a bayan babur ana yayyafi, kada ki ji nauyin cewa, "Malam, don Allah a hankali."

Ba cewa muke a kulle yara a ɗaki duk damina ba. Yaron da ake hana shi makaranta don an ga gajimare, ranar jarrabawa idan aka yi ruwa shi zai fi kowa rikicewa. A tanadar masa lema da takalmin roba da ledar saka littattafai tun kafin ruwan farko, a bar shi ya saba. Aikin uwa shi ne ta tantance masa wane ruwa ake shiga, wane ake jira ya wuce, har ya girma ya iya tantancewa da kansa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana zuri'a. Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan Allah ya kai mu.