Matsematsi: Kalmar da Kunya ke Neman Binnewa

Kalmar matsematsi tana nufin wurin da cinyoyi suka haɗu da gangar jiki, wato ƙasa da mara. Asalinta a fili yake: daga saiwar mats- ta fito, wadda ta haifi matsa da matsi da matsatsi, aka ninka ta don a siffanta wurin da yake a matse. Babu zagi a cikinta, babu batsa. Duk da haka bakin manya yana kauce mata, a ce gaba, ko ƙasa, ko al'aura.

Waɗannan kalmomin sakaye suna da amfaninsu a zaure da gaban surukai, amma a ɗakin magani illa gare su. Al'aura aro ce daga Larabci, kuma a fiƙihu ta namiji ta kama daga cibiya har gwiwa. Mara kuwa ƙasan ciki ce, shi ya sa ake cewa ciwon mara. Wanda ya ce gabansa ke ciwo bai faɗa wa malamin lafiya ko kaluluwa ce ta fito masa a matsematsi saboda gyambon ƙafa, ko ƙaba ce ta sauko ba. Kaluluwa takan saɓe idan gyambon ya warke. Ƙaba kuwa idan ta shaƙe hanji, sai aikin tiyata cikin gaggawa.

A Azagor, cikin Dakoro ta jahar Maradi, lamarin ya fi tsanani. Yanki ne na makiyaya, inda Buzu da Bafulatani da Bahaushe kan haɗu a Hausa, malamin lafiya kuma da Faransanci ya yi karatu, sunan wurin da ya koya shi ne aine. Mai fama da ƙaba sai an kai shi babbar likita ta Dakoro, saboda haka kalma mai harshen damo tana iya jawo jinkirin da zai ci rai.

Wasu za su ce kunya adon Bahaushe ce. Gaskiya ne, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tunda Nijar ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a 2025, ya wajaba masana harshe na jami'o'in Yamai da Maradi su zauna da likitoci su tsara sunayen sassan jiki, a raba matsematsi da mara da gindi, a sa su cikin littattafan horar da ma'aikatan lafiya na karkara.