Gaisuwa da Waya a Hannu

Bahaushe ba ya faɗin damuwarsa a gaisuwa. Ka je dubiya asibiti, ka tarar ana ƙara wa mutum ruwa, ka ce "ya jiki?" zai ce "da sauƙi". Magidancin da ba a ɗora tukunya a gidansa ba tun jiya, in ka ce "ya iyali?" zai ce "lafiya lau, alhamdu lillahi". Kunya da kawaici ne, kuma ban ga laifinsa ba. Sai dai nauyin ya koma kan mai tambaya: shi zai tsinci gaskiyar a murya, a ƙwayar ido, a ɗan jinkirin da aka yi kafin a amsa.

Wannan lurar ce ke suɓuce mana. Tun da layukan salula suka fara aiki a Najeriya a 2001, sannu a hankali hannun dama ya zama na musabaha, na hagu na latsa waya, ido kuma ya bi na hagun.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne zaman makoki. Mutum zai iso, ya ce "ya haƙuri?" bai tsaya jin amsa ba, a shafa fatiha, ya ɗauki hoto don Facebook, ya zura takalmi. Iyayenmu kuwa zama suke yi a kan tabarma su jima, ko da ba su ce uffan ba. A wannan zaman ne mutum ke lura cewa marayun ƙanana ne, cewa ba hayaƙi a madafi, cewa ƙanin mamacin yana ta lissafi da yatsu. Kafin magariba sai ka ga an aiko yaro da kwanon tuwo ko tiyar hatsi, ba tare da kowa ya roƙa ba.

Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) in ya yi musabaha da mutum ba ya zare hannunsa sai mutumin ya zare, ba ya kuma kawar da fuskarsa sai shi ya kawar. Shugaban al'umma ke nan, mai hidimar da ta fi ta kowannenmu.

Za a ce zamani ya canza, ɗan kasuwar Kantin Kwari a waya yake ciniki, mai Adaidaita Sahu fasinja na jiransa. Gaskiya ne, ni ma ban ce a yini ana gaisawa ba. Minti ɗaya ya isa, muddin an kife wayar an dubi mutum. In ka ji "lafiya lau" ta fito a sanyaye, ka ja shi gefe ka sake tambaya: "Anya kuwa, Malam?" Kuɗin maganin da ya gagara, takardar tashi daga mai gidan haya, yaron da aka koro daga makaranta, duk sai bayan tambaya ta biyu suke fitowa.