Yaƙe-yaƙen ƙasashen mai: Wa ke kunna wutar, wa ke zuba mata fetur?

A watan Afrilun 2003, kwanaki kaɗan bayan dakarun Amurka sun kutsa birnin Bagadaza, ɓata-gari suka afka wa ma'aikatun gwamnati da asibitoci da gidan adana kayan tarihi na ƙasa, suka yi awon gaba da duk abin da hannu zai iya ɗauka. Cikin 'yan gine-ginen da suka tsira akwai Ma'aikatar Man Fetur, wadda sojojin mamaya suka kewaye da tankokin yaƙi. Tun daga lokacin, duk inda gardama ta kaure a kan musabbabin yaƙe-yaƙen zamani, a zauren jami'a ne ko a teburin mai shayi, wannan hoto ake fara ɗagowa. Da an ambaci Iraƙi ko Libiya ko Sudan, sai wani ya ce ai magana ta ƙare, mai ne kawai, sauran bayanai na dimokuraɗiyya da ta'addanci da haƙƙin ɗan Adam duk rufa-rufa ce.

Masu wannan ra'ayi suna da hujja, kuma biri ya yi kama da mutum. A 1951 Firayim Ministan Iran, Muhammad Musaddiƙ, ya mayar da kamfanin man Birtaniya mallakar ƙasarsa, a 1953 aka hamɓarar da shi, kuma bayan shekara 60 hukumar leƙen asirin Amurka ta fitar da takardun da suka tabbatar da hannunta a ciki. Makaman ƙare-dangin da aka kafa hujja da su wajen mamaye Iraƙi ba a same su ba. Alan Greenspan, wanda ya shafe sama da shekara 18 yana shugabantar babban bankin Amurka, ya rubuta a littafin tarihin rayuwarsa na 2007 cewa mai ne babban dalilin yaƙin. A 2019 kuwa Shugaba Donald Trump ya faɗa da bakinsa cewa zai bar sojoji a gabashin Siriya don su riƙe rijiyoyin mai. Wanda ya ga waɗannan duka ya ce babu ruwan mai da yaƙi, to, ya rufe idonsa ne da gangan.

Inda bayanin ke samun tangarɗa shi ne wajen siffanta yadda man ke aiki. Abin da yawancin mutane ke hangowa shi ne ƙato ya zo da bindiga da jarka, ya kori mai gida, ya kwashi mai ya tafi. Sai dai lokacin da gwamnatin Iraƙi ta yi gwanjon manyan filayen manta a 2009, da sojojin Amurka sama da 100,000 a cikin ƙasar, filin Rumaila ya faɗa hannun BP na Birtaniya da CNPC na ƙasar Sin, Lukoil na Rasha ya samu ɓangare ɗaya na Ƙurna ta Yamma, Shell da Petronas na Malesiya suka ɗauki Majnun. ExxonMobil ya samu nasa kason, amma bai fi na sauran ba. Ba a jima ba ƙasar Sin, wadda ta ƙi goyon bayan yaƙin kuma ba ta rasa soja ko ɗaya ba, ta shiga sahun gaba na masu sayen ɗanyen man Iraƙi. Amurka ta kashe ɗaruruwan biliyoyin dala, ta yi asarar sojoji kusan 4,500. Idan fashi aka je yi, to, ɗan fashin ya dawo da asarar da ta fi ganimarsa nesa ba kusa ba.

Abin da manyan ƙasashe ke karewa a yankin Tekun Fasha ya fi ganga girma. Tun a Janairun 1980 Shugaba Jimmy Carter ya shelanta cewa Amurka za ta yi amfani da ƙarfin soja a kan duk wata ƙasa ta waje da ta nemi mallake yankin. Damuwarsu ita ce kada hanya ta toshe, kada farashi ya zama a tafin hannun mutum ɗaya. Shugaban da ya taɓa fita da niyyar ƙwace rijiyoyin maƙwabcinsa ƙiri-ƙiri shi ne Saddam Husaini. Ya fito daga yaƙin shekara takwas da Iran da bashi har wuya, ciki har da kimanin dala biliyan 14 na Kuwait, ya zargi Kuwait da malalo mai kasuwa don karya farashi da kuma zuƙe na Iraƙi ta ƙarƙashin iyaka a Rumaila. Ranar 2 ga Agustan 1990 ya mamaye ta. Bayan wata bakwai aka fatattake shi, sojojinsa suka cinna wa rijiyoyi sama da 600 wuta a kan hanyarsu ta gudu, ƙasarsa ta shiga takunkumin da ya kai ta har 2003. Satar mai da yaƙi sana'a ce da ba ta cika biyan mai yin ta ba, domin rijiya ba ta ɗaukuwa a kai, kuma mai sai da bututu da tashar jiragen ruwa da mai saye.

Wanda ke son ganin ainihin ɓarnar mai, ya bar kallon baƙi na ɗan lokaci, ya dubi cikin gida. Sudan ta isa misali. Yaƙin farko tsakanin Kudu da Arewa ya soma ne da boren sojoji a garin Torit a 1955, sama da shekara 20 kafin kamfanin Chevron ya gano mai a kusa da Bentiu a 1978. Ƙorafin mutanen Kudu na wariya da danniya ya girmi rijiya ta farko. Yarjejeniyar Addis Ababa ta 1972 ta kwantar da wutar, ta ba Kudu ƙwarya-ƙwaryar cin gashin kai. Da mai ya bayyana, sai gwamnatin Ja'afar Numairi ta nemi sake zana iyaka a 1980 yadda filayen man za su faɗo Arewa, ta kuma ƙi gina matatar a Bentiu, ta zaɓi Kosti. A 1983 ta raba Kudu gida uku, ta ƙaƙaba dokokin watan Satumba a kan ƙasar baki ɗaya, John Garang ya shiga daji. A farkon 1984 'yan tawaye suka kashe ma'aikatan Chevron uku, kamfanin ya dakatar da aiki.

Abin da ya biyo baya ya fi muni. Daga Agustan 1999, lokacin da ɗanyen mai ya fara bin bututu mai tsawon kilomita kusan 1,600 zuwa gaɓar Bahar Maliya, gwamnatin Umar al-Bashir ta samu kuɗin sayen jiragen yaƙi masu saukar ungulu, aka riƙa tashin ƙauyukan Nuwer da Dinka daga kewayen rijiyoyi da bama-bamai da mayaƙan sa-kai. Matsin lambar masu fafutuka ya sa kamfanin Talisman na Kanada ya sayar da hannun jarinsa a 2003, kuma a 2023 wata kotu a birnin Stockholm ta fara shari'ar tsofaffin shugabannin kamfanin Lundin biyu bisa tuhumar haɗa baki a laifukan yaƙi, tuhumar da suka musanta. Duk da haka, man nan ne ya taimaka aka zauna teburin sulhu, domin yarjejeniyar 2005 ta tanadi raba kuɗin man Kudu biyu daidai, kowane ɓangare ya ga riba a zaman lafiya.

Da labarin baƙon ɓarawo ne kaɗai gaskiya, da ranar 9 ga Yulin 2011 ta zama ƙarshen wahala. Sudan ta Kudu ta samu 'yanci da kusan kashi uku cikin huɗu na man tsohuwar ƙasar, kuma mai ne ke kawo kimanin kashi 98 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin Juba. Wata shida bayan haka ta rufe rijiyoyinta saboda taƙaddama da Khartoum kan kuɗin bututu, a Afrilun 2012 aka gwabza a Heglig. A Disambar 2013 kuwa Shugaba Salva Kiir da tsohon mataimakinsa Riek Machar, waɗanda tare suka karɓi 'yancin, suka juya wa juna bindiga. Garuruwan Bentiu da Malakal da ke yankin mai sun yi ta sauya hannu har suka zama kufai. Wani bincike da masana a Landan suka fitar a 2018 ya ƙiyasta rayukan da suka salwanta da kusan 400,000. Babu wata rundunar ƙasashen Yamma da ta zo ƙwace rijiya a wannan karon. 'Yan gida ne suka yi wa gida haka.

Dalilin yana cikin irin kuɗin da mai ke kawowa. Arzikin noma da kiwo da fatauci a warwatse yake a hannun miliyoyin mutane, gwamnatin da ke son kasonta dole ta bi su da haraji, wanda kuma ya biya haraji yana da bakin tambaya. Kuɗin mai kuwa daga 'yan kamfanoni ƙalilan yake fitowa, da dala, ya faɗa asusu ɗaya a babban birni. Wanda ya riƙe fadar shugaban ƙasa ya riƙe asusun, da shi zai biya soja, ya sayi makami, ya sayi 'yan adawa, ba tare da ya nemi yardar talaka ba. Wanda aka kora daga fadar ya rasa komai a rana ɗaya, shi ya sa faɗuwa zaɓe ko sallama daga muƙami ke zama dalilin shiga daji. Mutanen da ke zaune a kan rijiyar kuma suna ganin bututu na wucewa ta gonakinsu alhali ba su da asibiti, sai kiran ɓallewa ya yi musu daɗin ji.

Chadi ta gwada ɗaure wannan asusu da doka. Bankin Duniya ya tallafa wa bututun Doba zuwa Kribi ta Kamaru bisa sharaɗin cewa mafi yawan kuɗin zai tafi lafiya da ilimi da hanyoyi, a kuma ajiye wani kaso don 'yan baya. Tun kafin ganga ta farko ta fita a 2003, Idriss Deby ya ɗebi dala miliyan 4.5 daga kuɗin sa hannu ya sayi makamai. A ƙarshen 2005 ya sauya dokar, ya sanya tsaro cikin abubuwan da za a kashe wa kuɗin, a 2008 bankin ya tattara komatsansa. A nasa ɓangaren yana da abin faɗa, tunda 'yan tawaye sun kai har cikin Injamena a 2006 da 2008, sai dai su ma asusun suke hari. A Angola kuwa abin har da ban dariya mai ciwo: sojojin Kyuba ne ke gadin rijiyoyin kamfanin Amurka a Kabinda, kuɗin man na biyan gwamnatin 'yan gurguzu, ita kuma Amurka tana ba Jonas Savimbi makaman yaƙar wannan gwamnati. Shi Savimbi da lu'ulu'u ya riƙe yaƙinsa har aka kashe shi a 2002, kamar yadda zinaren Jabal Amir ya gina rundunar Hamdan Dagalo bayan mai ya kuɓuce wa Khartoum.

Najeriya ma ta ɗanɗana. Babu mai gaskiyar da zai ce mai ne ya jawo juyin mulkin Janairun 1966, ko na ramuwa a Yuli, ko kashe-kashen da suka biyo baya. Amma jihohi 12 da Yakubu Gowon ya ƙirƙiro ranar 27 ga Mayun 1967 sun cire Ribas da Kudu maso Gabas, inda yawancin rijiyoyin yankin suke, daga hannun Inugu, bayan kwana uku Odumegwu Ojukwu ya shelanta Biyafara. Rigima ta farko ta kuɗi ita ce wa Shell-BP zai biya haƙƙin mai, kuma cikin wuraren da sojojin tarayya suka fara kamawa akwai tashar Bonny, a Yulin 1967. Dokar man fetur ta 1969 ta mayar da duk man ƙasa mallakar gwamnatin tarayya. Kason yankin da ake haƙo arziki, wanda yake kashi 50 cikin 100 a Jamhuriya ta Farko, ya yi ta zaizayewa har ya kai 1.5 kafin tsarin mulkin 1999 ya tsayar da shi a 13. Tsagerun Neja-Delta da aka yi wa afuwa a 2009 'ya'yan wannan lissafi ne.

Akwai illa a saurin cewa mai ne kawai, kuma a Arewa an fi jin ta a zancen Boko Haram, inda wasu ke rantsuwa cewa Turawa ne suka ƙirƙiro ƙungiyar don man Tafkin Chadi. Gaskiya ne mayaƙan sun yi wa tawagar masu binciken mai kwanton-ɓauna a yankin Magumeri a Yulin 2017, cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da ma'aikatan Jami'ar Maiduguri. Amma an shafe shekaru da dama ana haƙa a ɓangaren Najeriya na tafkin ba a kai ganga ɗaya kasuwa ba, ƙungiyar kuma a cikin unguwannin Maiduguri ta tsiro, a idon hukuma, da wa'azi da 'yan siyasa da matasa marasa aikin yi. Ɗora komai a kan baƙo yana wanke waɗanda ya kamata su amsa tambaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, a kan iyakar Bauchi da Gombe. Tun kafin a sayar da ko lita ɗaya, an fara jin muryoyi daga jihohin biyu kowa na cewa rijiyoyin a ƙasarsa suke, domin kashi 13 na jihar da rijiya ke cikinta ne, dokar masana'antar mai ta 2021 kuma ta ware kashi 3 na kuɗin gudanarwar kamfani ga al'ummomin da ke wurin. Hukumar kula da iyakoki ta ƙasa da gwamnatocin jihohin biyu suna da damar fayyace layin da ya raba Alkaleri da Akko, da sunayen ƙauyukan da kason zai shafa, tun yanzu da babu dala ko ɗaya a kan tebur.