Shin Iyayen da ke Koyar da 'Ya'yansu Lissafi a Gida Suna Bukatar Littafin Jagoran Malami?

Jama'a, 'yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu masu karatun wannan mujalla, ina so ku ba ni hankalinku a kan wata 'yar magana wadda da jinta za a ce ƙarama ce, amma kuwa ta shafi tushen ilmin ƙannenmu. Littafin lissafi na firamare, in dai an tsara shi sosai, ba shi kaɗai yake zuwa ba. Akwai na yaro, mai hotuna da aikin yi, akwai kuma wani mai kauri wanda yaro ba ya ko ganinsa, watau littafin jagoran malami. To, uba ko uwa da suka ɗauki nauyin koyar da ɗansu a gida, lalle ne su nemi wannan na biyun, ko kuwa ɓarnar kuɗi ce kawai?

Inda wannan gardama ta fi zafi shi ne Amurka. A can akwai iyaye masu yawa da ba su sa 'ya'yansu makaranta sam, su ne malaman, ɗakin cin abinci kuma shi ne ajin. Tun 1993 doka ta yarda da haka a dukkan jihohi 50 na ƙasar. Da annobar korona ta zo a 2020 sai abin ya ƙara bunƙasa, har hukumar ƙidayar ƙasar ta ba da labarin cewa gidajen da ke yin haka sun tashi daga kimanin kashi 5 cikin ɗari zuwa kashi 11 cikin ɗari a 'yan watanni. Irin waɗannan iyaye da kuɗinsu suke sayen littattafai, jagoran malami kuwa sau da yawa ya fi littafin yaro tsada. Saboda haka za ka ji waninsu yana cewa, ni da na gama jami'a, wane ne zai koya mini biyu da biyu huɗu?

Ni a ganina suna bukatarsa, kuma wanda ya fi gwanancewa da lissafi shi ya fi bukata. Na san za a ce na juya magana, amma ku dakata in ba ku labarin gidanmu.

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu a Nijeriya, muka zauna a gida wata da watanni. A lokacin ƙanena yana aji biyu na firamare. Innarmu mai sana'ar sayar da hatsi ce a cikin gida, kuma ban taɓa ganin mai saurin lissafin ka kamarta ba, kafin mai saye ya gama kwance bakin zaninsa ta riga ta faɗi canjinsa. Sai ta ce ita za ta riƙa yi wa yaron darasi kowace safiya. Ran nan ta rubuta masa 52, a ɗebe 17. Ya duƙufa, ya rubuta 45. Ta ce ya sake. Ya sake, 45. Ta ba shi wani, 63 a ɗebe 28, ya sake kawo 45. Nan fa ranta ya ɓaci, ta ce wasa ne ya cika masa kai, har ta kai ga murɗe masa kunne. Shi kuwa yana kuka yana cewa, "Inna, wallahi na ƙirga daidai."

Gaskiya ya faɗa, ya ƙirga daidai. Abin da yake yi shi ne, a kowane layi sai ya ɗebe ƙaramin lamba daga babba, ko wanne ne a sama. Ya ga 2 a sama da 7 a ƙasa, ya ce bakwai a ɗebe biyu saura biyar. Ya ga 5 da 1, ya ce saura huɗu. Yaron yana bin doka, dokar ce dai ba daidai ba, kuma shi ya ƙago ta da kansa daga abin da aka taɓa gaya masa, cewa ba a ɗebe babba daga ƙarami. Inna ba ta gane haka ba, domin ita ba ta ma tuna ranar da ba ta iya wannan lissafi ba. Amsa takan faɗo mata ne kawai, ba ta ganin matakalar da ta taka.

Wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon malamin firamare, shi ya ji kukan ya aiko a tambaya. Da ya ji batun sai ya aiko mana da wani tsohon jagoran malami wanda bangonsa ya riga ya yage. A shafin ɗebewa an rubuta wannan kuskure ɗin, kamar marubucin yana leƙen tsakar gidanmu, an kuma ce kada a fara da alƙalami. Aka ce a samo tsinkaye a ɗaure su goma-goma. Muka karyo tsinken tsintsiya, muka yi ɗauri biyar da tsinke biyu a warwatse, watau 52. Inna ta ce masa, "To, ba ni bakwai daga waɗannan na warwatsen." Ya ce biyu ne kawai. Ta yi shiru kamar yadda littafin ya ce a yi. Can sai ya miƙa hannu da kansa ya kwance ɗauri guda, tsinkayen warwatse suka zama goma sha biyu, ɗauri ya koma huɗu. Ya ba ta bakwai, ya ba ta ɗauri ɗaya, ya ƙirga saura ya ce 35. Ban ce daga ranar bai sake kuskure ba, amma wannan 45 ɗin dai bai sake kawo ta ba.

Kada a ɗauka abin ya tsaya ga iyayen da ba su yi nisa a boko ba. Wata masaniya 'yar ƙasar Sin mai suna Liping Ma ta wallafa littafi a 1999 inda ta gwada malaman firamare 23 na Amurka da 72 na ƙasar Sin. Cikin tambayoyin akwai wannan: a raba ɗaya da kwata uku (1¾) da rabi (½), sa'an nan a ƙago ɗan labari wanda zai nuna wa yaro ma'anar lissafin. Malaman Amurka, waɗanda duk sun yi jami'a, ko rabinsu ba su samo amsar ba, kuma mutum ɗaya tak ya kawo labarin da ya dace. Da yawa sai suka ba da labarin raba abu tsakanin mutum biyu, alhali rabawa da biyu daban, rabawa da rabi daban. Malaman Sin kuwa, waɗanda shekarun karatunsu ba su kai na takwarorinsu ba, duk sun sami amsar, kuma 65 daga cikinsu sun kawo labari mai kyau. Da ta bincika yadda suka sami wannan zurfi, ɗaya daga cikin abubuwan da suka gaya mata shi ne suna zama su yi nazarin littafin yara da jagoran malami filla-filla kafin su shiga aji.

Ku gwada tambayar a kan kanku, 'yan'uwa, mu da muke taƙama da aljabara. Labarin da ya dace ga irinsa: ana da mudu ɗaya da kwata uku na gero, ana dafa rabin mudu kullum, kwana nawa zai yi? Kwana uku da rabi. Mu nawa ne za mu iya bayyana wa ƙaramin yaro dalilin da ya sa aka yi rabawa amma amsa ta fi abin da aka fara da shi yawa? Yawancinmu abin da muka haddace shi ne a juya na biyun a ninka, shi ke nan. In malamin da aka horar ya yi tuntuɓe a nan, ina ga uban da rabonsa da aji huɗu shekara talatin?

Akwai kuma littattafan da in ba jagora ma ba za a gane inda suka dosa ba. Iyayen Amurka da yawa suna amfani da littattafan ƙasar Singafo, waɗanda aka fara bugawa a 1982, suka kuma yi suna bayan da yaran ƙasar suka zo na ɗaya a lissafi a wata jarrabawar ƙasashen duniya a 1995. Tsarinsu ya samo asali ne daga ra'ayin wani masani Ba'amurke, Jerome Bruner: yaro ya fara taɓa abu da hannunsa, sa'an nan ya gan shi a zane, daga baya ya rubuta shi da lambobi. To, matakin farko ba ya cikin littafin yaro, don ba a buga tsakuwa ko tsinke a takarda. A cikin jagora yake. Uwar da ta sayi littafin yaro kaɗai ta sayi kashi biyu ta bar na farko, wanda shi ne harsashin ginin. Haka kuma zanen sanda da suke koyarwa. A ce Ladi ta fi Talatu ƙwai 12, su biyun suna da 40. Uba zai yi wuf ya kawo haruffan aljabara, yaro ɗan shekara tara ya yi zuru. Jagora kuwa cewa zai yi a zana sanda biyu, ɗaya ta fi ɗaya tsawo da 12, a yanke rarar saura 28, a raba biyu, Talatu 14, Ladi 26. Masu sayar da littattafan a Amurka har wani jagora na musamman suka buga domin iyaye, dabam da na malamin aji, saboda sun ga mai ɗalibi ɗaya ba bukatarsa ɗaya da mai talatin ba.

Ban ce masu ƙin jagora ba su da hujja ba. Wasu jagororin, kamar na Saxon na ƙananan azuzuwa, sun rubuta wa malami kowace kalma da zai furta, har da amsar da ake jira daga yaro. Uwar da ta manne wa irin wannan tana iya zama aku, idonta a kan takarda, ba ta ko duban fuskar ɗanta ta ga ko ya gane. John Holt, tsohon malamin da ya yi ta kiran iyayen Amurka su koyar da 'ya'yansu da kansu tun wajen 1977, babban kukansa shi ne makaranta tana koya wa yara neman amsar da za ta faranta wa malami rai maimakon fahimta. Wanda ya kwaso wannan hali ya kawo shi gida, bai tsira da komai ba. Batun tsada ma gaskiya ne, kuma a aji ɗaya, inda ake ƙirgen ɗaya zuwa ashirin, uwa mai lura tana iya tafiya ba jagora ba ta yi asara mai yawa ba. Amma da zarar an kai ga gidan ɗaya da gidan goma, balle rabi da sulusi da rubu'i, to in kuɗin na littafi ɗaya ne, ni jagoran zan saya. Aikin yi ana iya rubuta wa yaro a allo ko a ƙasa, amma sanin inda yara suka saba faɗuwa, wanda aka tara daga dubban azuzuwa, ba ya cikin kan uwa mai 'ya'ya uku.

Wani abu kuma da jagora ba zai taɓa sani ba shi ne harshen gidanku, kuma a nan ne iyaye suka fi shi. Littafin da aka rubuta don yaran Turawa yana ɓata lokaci a kan 11 da 12, domin sunayensu a Turanci ba su nuna akwai goma a ciki ba. Yaron Bahaushe kuwa tun yana goye yake jin goma sha ɗaya, goma sha biyu, goman tana nan a fili. Wahalarsa tana gaba, wajen ashirin da talatin da arba'in, waɗanda muka aro daga Larabci, don babu abin da zai gaya masa cewa talatin goma uku ce sai an nuna masa. Ga kuma ashirin ba ɗaya da tsofaffi ke faɗa a maimakon goma sha tara, wanda ɗebewa ce tsaf a cikin maganar yau da kullum. Ba marubucin Singafo ko na Amurka da zai sa wannan a littafinsa.

Inna, da ta saba da littafin nan, sai ta samo tata hanyar. Da dare bayan an kwashe tuwo takan sa in karanta mata darasin gobe in fassara, ta yi ta tambaya har sai ta ga inda aka nufa. Da safe kuwa ba ta buɗe shi sam, mudu da tiya da wake take jawowa gabanta. Da aka koma makaranta muka mai da wa dattijon littafinsa, ya ce mu riƙe, akwai ƙanwarmu tana tasowa. Yanzu haka yana cikin adakar Inna, an yi masa sabon bango da takardar buhun siminti.