Maganin tamowa ya iske yaro a ƙauyensu

A shekarun 2018 da 2019 an gudanar da wani binciken kiwon lafiya a gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi, aka wallafa sakamakonsa a 2021 cikin mujallar masana mai suna Nutrients. Ƙungiyar Action contre la Faim ce ta jagoranci aikin tare da hukumomin lafiya. Tambayar da suka sa a gaba ita ce: idan tamowa mai tsanani ta kama yaro, amma wata cuta ba ta haɗu da ita ta galabaitar da shi ba, dole ne sai an kai shi babban gidan likita na CSI, ko kuwa ma'aikacin ƙaramin gidan likita na ƙauye, wato case de santé, zai iya yi masa magani? Aka ɗauki ƙananan hukumomi biyu. A Mairairai aka bar tsarin da aka saba, magani sai a CSI. A Gidan Amumun kuwa aka horar da ma'aikatan ƙananan gidajen likita, aka ba su kayan awo da abincin magani, aka ce su ma su karɓi yara. Yara 2,789 ne suka shiga binciken, daga masu wata 6 zuwa masu wata 59.

A Mairairai kashi 72.1 cikin ɗari na yaran suka warke. A Gidan Amumun, inda aka sa ma'aikatan ƙauye cikin aikin, kashi 77.2 suka warke. Wani zai ce ai tazarar ba ta taka kara ta karya ba. To, sai a tuna cewa ma'aunin da masu aikin agaji na duniya suka amince da shi ya ce shirin maganin tamowa bai ci sunansa ba sai waɗanda suka warke sun haura kashi 75. Ke nan ɓangare ɗaya ya tsallake wannan ma'auni, ɗayan kuwa bai kai ba. Amma a ganina adadi na biyu ya fi wannan nauyi. Masu binciken sun auna cikin yaran da ke fama da tamowa a yankin nawa ne magani ke isa gare su. A Mairairai wannan adadi ya ragu da kashi 8.3 cikin lokacin binciken, a Gidan Amumun kuwa ya ƙaru da kimanin kashi 3. Sannan yaran da aka kai wa ma'aikatan ƙauye sun zo tun ciwon bai ci jikinsu sosai ba. Yawan masu warkewa a gidan likita yana ba da labarin waɗanda suka samu isowa ne kawai. Yaron da ya rame ya rasu a ɗakin uwarsa ba ya shiga kundin kowane likita, kuma shi ne wanda adadi na biyu yake ƙoƙarin ƙirgawa. Saboda haka abin da nake kira a kai shi ne a mayar da maganin tamowa aikin yau da kullum na kowane ƙaramin gidan likita a gundumomin Mayahi da Tasawa, da kayansa da horonsa da mai sa masa ido.

Dalilin da ya sa kusanci yake da wannan tasiri ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san karkarar nan. Maganin tamowa ba allura ɗaya ba ce a yi a gama. Mako-mako uwa za ta dawo da yaro a auna shi, a duba jikinsa, a ba ta abincin mako mai zuwa, kuma haka za a yi ta yi har tsawon makonni. Lokacin da tamowa ta fi ƙamari kuwa shi ne tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro da gudawa sun yi yawa, aikin gona kuma ba ya jira. Matar da ke wani ƙauye bayan Urafan, ko can cikin kwarin Gulbin Kaba, idan za ta je CSI sai ta sadaukar da yini guda, ta bar gona, ta bar sauran yara, ta biya kuɗin babur ko ta hau amalanke ko ta taka da ƙafa cikin rairayi da goyo a baya. Za ta yi sau ɗaya, ta yi sau biyu, da zarar yaro ya ɗan murmure sai ta daina zuwa, a rubuta a littafi cewa ta gudu daga magani. Wata kuma ba za ta fara tafiyar ba sai ta ga ƙafafun yaro sun kumbura. Alhali hukumar UNICEF ta ƙiyasta cewa yaron da ya rame ƙwarai haɗarin mutuwarsa daga cututtukan yara na yau da kullum, irin su ciwon huhu, yana iya kai ninki 11 na ɗan'uwansa mai ƙoshin jiki. Kowane mako na jinkiri yana da farashi.

Jihar Maraɗi ta taɓa nuna wa duniya wannan darasi. Kafin 2005 yawanci sai an kwantar da yaro mai tamowa mai tsanani a asibiti ana ba shi madara ta musamman. A shekarar yunwar nan ta 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara sama da 60,000 magani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, kuma galibinsu a gida suka warke da abincin nan na gyaɗa da madara da mai da sukari, Plumpy'Nut, wanda mata ke kira biskit. Masanin nan ɗan Faransa André Briend da kamfanin Nutriset suka ƙirƙiro shi a 1996. Ba ya buƙatar ruwa ko dahuwa, shi ya sa aka iya damƙa shi a hannun uwa. Da shi aka fitar da magani daga gadon asibiti zuwa CSI. Abin da binciken Mayahi ya gwada mataki ne na gaba a kan wannan hanya. Ginin ma yana nan, domin tun zamanin shirin musamman na Shugaba Tanja Mamadu aka gina ƙananan gidajen likita kimanin dubu biyu a faɗin ƙasa. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara biyar a Nijar ta sauko daga 226 cikin kowane dubu a 1998 zuwa 128 a 2009, ya kuma lissafa kusantar da magani ga karkara da kyautar magani ga yara cikin dalilan wannan sauƙi. Ma'aikatan waɗannan ƙananan gidajen likita sun daɗe suna gwajin zazzaɓi, suna ba da maganin ciwon huhu da na gudawa. Yaro mai tamowa ne kaɗai aka saba cewa ya wuce gaba.

Masu shakka suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Ta farko ta shafi yadda aka yi binciken. Ƙananan hukumomi biyu ne kacal, kuma ba ƙuri'a aka jefa aka raba ƙauyuka ba, don haka mai yiwuwa Gidan Amumun da Mairairai sun bambanta tun asali ta wata fuskar da ba a auna ba. Wannan gaskiya ce, kuma da binciken Mayahi shi kaɗai ne da ban nemi a sauya tsari a kansa ba. Sai dai yana da ƴan'uwa. A yankin Kita na ƙasar Mali an yi irinsa, aka wallafa a 2018: inda ma'aikatan ƙauye suka shiga aikin kashi 94.2 na yara suka warke, inda aka bar shi ga gidajen likita kaɗai kashi 88.6, kuma a ɓangaren ma'aikatan ƙauye yaran da magani ya isa gare su sun ninka. A maƙwabtanmu na Damagaram, cikin gundumar Mirya, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa iyaye mata fiye da 12,000 a yankin Dogo yadda ake auna damtsen yaro da ɗan zaren awon nan mai launi ja da rawaya da kore. Aka tarar matan suna gano tamowa daidai da masu aikin sa-kai da aka horar, har ma yaransu sun fi zuwa da wuri, kuma waɗanda sai an kwantar da su sun ragu. Da irin waɗannan shaidu Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabuwar ƙa'ida a 2023, wadda ta yarda ma'aikatan lafiya na ƙauye su yi maganin tamowar da ba ta buƙatar kwanciya, da sharaɗin an horar da su sosai kuma ana bibiyar aikinsu a kai a kai.

Hujja ta biyu ita ce tsoron kuskure, kuma ma'aikatan jinya ne suka fi kawo ta. Yaro mai tamowa jikinsa yana ɓoye ciwo. Yana iya ɗauke da cuta mai tsanani ba tare da jikinsa ya yi zafi ba, wanda bai ƙware ba kuma sai ya sallame shi da biskit alhali gadon CRENI, sashen kwantar da yara masu tamowa a asibiti, ya kamata ya hau. Wannan tsoro yana da tushe. Amsarsa tana cikin ƙa'idar aikin kanta: a gwada wa yaro cin biskit a gaban ma'aikaci, a danna ƙafarsa a ga ko akwai kumburi, a ƙirga numfashinsa, a duba ko yana amai ko ya yi laushi. Wanda ya kasa ci ko ya nuna alamar haɗari, babu gardama, sai asibitin gunduma a Mayahi ko Tasawa. Ya kamata mai wannan hujja ya kuma auna abin da yake kwatantawa. Ga dubban yara a ƙauyuka masu nisa, idan ba ma'aikacin ƙauye ya gan su ba, babu wanda zai gan su sai ciwo ya kai maƙura. Akwai wani binciken jihar nan da ke ƙara haske a nan. A gundumar Madarunfa, a 2012 da 2013, cibiyar bincike ta Epicentre ta raba yara kimanin 2,400 masu tamowa gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka ba rabi maganin amoksisilin, rabi kuma aka ba su abin da ya yi kama da shi amma babu magani a ciki. Kashi 65.9 na rukunin farko suka warke, kashi 62.7 na rukuni na biyu, tazarar da masanan suka ce ba ta isa a ɗora hukunci a kanta ba, duk da cewa maganin ya rage yawan waɗanda aka tura asibiti. Wani binciken Malawi da ya gabace shi kuwa ya ga maganin yana ceton rai. Har yanzu ƙa'ida ta ce a ba da amoksisilin, kuma haka ya kamata ma'aikacin ƙauye ya yi. Amma masu binciken Madarunfa sun jingina sakamakonsu da wani sharaɗi, cewa ana ganin yaran a kai a kai kuma akwai hanyar garzayawa da wanda jikinsa ya rikice. Wato ido na kusa yana daga cikin maganin.

Hujja ta uku ita ce ta fi damuna, domin bincike bai warware ta ba. A Gidan Amumun, lokacin binciken, akwai ƙungiya mai mota da kuɗi tana kai kaya tana zagayen duba aiki. Ranar da ta tattara nata ya nata, wa zai kai katan-katan na biskit ƙauye cikin damina? Ma'aikacin da aka ƙara wa aiki ba a ƙara masa komai ba, har yaushe zai jure? Kuma kowa ya san biskit yana ɓullowa a kasuwa, a gida kuma ana raba shi da yayye da ƙanne. Rushe hukumar agajin Amurka ta USAID a 2025 ya nuna mana yadda tallafin waje ke iya yankewa dare ɗaya. Duk wannan dalili ne na a shigar da aikin cikin kasafin ma'aikatar lafiya da na ƙananan hukumomi, maimakon a bar shi a matsayin gwajin baƙi. Akwai kamfanin STA a Yamai da ke sarrafa wannan abinci a cikin gida, gyaɗa kuma jihar nan ta san nomanta. Batun sayarwa kuwa, ma'aikacin da ke zaune cikin gari, wanda ya san gidan kowa kuma yake haɗuwa da maigida a masallaci, ya fi wanda ke nesa damar gane ko yaro na cin rabonsa. Uwar da jinyar ɗanta ta zama tafiyar ɗan lokaci, ba ta kashe kuɗin babur duk mako, ita ma matsin da zai sa ta sayar da ƙunshi biyu ya ragu.

Akwai kuma masu cewa duk wannan gyaran ganga ne, tushen tamowa talauci ne, a cika rumbu kawai. Tasawa tana da abin faɗa a nan. A 2008 ƙungiyar Save the Children ta raba wa gidaje 1,500 mafiya talauci a gundumar sefa jika 60 kowanne, kashi uku, a lokacin ƙarancin abinci. Cimar gidajen ta gyaru, yara suka fara murmurewa, amma da cututtukan damina suka taso sai jikin yaran ya sake komawa baya. A Madarunfa kuma, a 2011, an bi yara fiye da 5,000 a ƙauyuka 48, aka ga gidajen da aka haɗa musu kuɗi da abincin yara na musamman tamowa ta kama ƴaƴansu kusan rabin yadda ta kama na waɗanda aka ba ɗaya daga ciki kawai. Rigakafi wajibi ne, ba mai musun haka. Sai dai yunwa da cuta tare suke tafiya, zazzaɓi ya hana yaro ci, rama ta buɗe wa zazzaɓi ƙofa. Hankali bai yarda a ce ma'aikacin da ya gwada jinin yaro ya ba shi maganin zazzaɓi, ya ga damtsensa ya faɗa cikin ja, ƙasa da milimita 115, sannan ya ce wa uwar ta kama hanyar wani gari ba.

Shirin damina da rani ake yin sa. Likitocin gundumomin Mayahi da Tasawa sun san ƙananan gidajen likitan da suka fi nisa da CSI, daga yankin Cake da Kanambakashe har Korgom da Maijirgi, kuma da su ya kamata a fara: a horar da ma'aikatansu, a ajiye musu biskit da amoksisilin da sikeli kafin hanyoyi su lalace, a tsayar da ranar da babban ma'aikacin CSI zai riƙa zuwa duba littafinsu kowane wata. Shugabannin ƙananan hukumomi su ware kuɗin man motar ɗaukar marasa lafiya don yaran da za a tura CRENI. Masu gari da limamai kuma su taimaka a sa zaren awon damtse a hannun kowace uwa mai goyo, a koya mata da maigidanta yadda ake karanta shi.