A Ba Mai Gudun Asuba Hanya

Sanin kowa ne a ƙasar Hausa babba ba ya gudu sai da dalili. In aka hangi magidanci ya zura a guje, abin da za a fara tambayarsa shi ne, "Malam lafiya? Wa ya biyo ka?" Saboda haka duk wanda ya ɗaura niyyar shiga gudun fanfalaki, wato tseren nan mai dogon zango da waɗansu ke kira gudun ya-da-ƙanin-wani, to ya san tun kafin ya kara da abokan tsere sai ya fara karawa da bakin mutanen unguwarsu. Wannan hali ya kamata a sake dubansa, domin mutumin da ake yi wa dariyar nan yana yin abin da likitoci suka daɗe suna roƙon ma'aikata da ɗalibai su yi, ba su yi ba.

A ƙaddara wani ƙaramin ma'aikaci ne a wata ma'aikata ta Jihar Zamfara, mazaunin Sabon Garin Gusau, mai mata ɗaya da 'ya'ya biyu. Ba shi da mai koyarwa, ba shi da ƙungiya, ba kuwa wanda zai biya shi ko sisin kwabo. Ya dai ƙudura a ransa zai je Legas ya shiga babban tseren da ake yi a can cikin watan Fabrairu, wanda aka fara tun 2016. Ya san sarai ba zai ci ba, gama tun da aka soma tseren mutanen Kenya da na Habasha ne ke kwashe manyan kyaututtuka. Burinsa kawai ya kai ƙarshen fage da ƙafafunsa. Me ke gaban wannan bawan Allah, kuma me ya cancanta daga jama'a da hukuma?

Da farko sai a san nisan da ake magana. Tsawon gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, wato mil 26 da 'yan kai. An fara tseren a wasannin Olamfik na farko na wannan zamani da aka yi a birnin Atina na ƙasar Girka a 1896, don tunawa da labarin wani manzo da aka ce ya sheƙo a guje daga filin yaƙin Maraton ya kawo albishirin nasara. Tsawon da ake amfani da shi yanzu kuwa ya samo asali ne daga tseren Landan na 1908. Ga mutumin Gusau ba sai an wahalar da shi da lissafi ba. Daga Gusau zuwa Bunguɗu bisa hanyar Sakkwato kusan rabin tseren ke nan. Daga Gusau zuwa Tsafe bisa hanyar Funtuwa kuwa, a wuce ta gindin dutsen Kwatarkwashi, kusan tseren ne ɗungurungum. Wanda ya taɓa shiga mota zuwa Tsafe ya san ba tafiyar wasa ba ce, balle a ce da gudu.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Masana harkar guje-guje sun yi ittifaƙi a kan cewa sabon shiga yana bukatar mako 16 zuwa 20 na shiri, shi ma in ya riga ya saba da ɗan gudu. Mai nufin Fabrairu ke nan sai ya fara tun watan Oktoba, damina na ɗaukewa. Zai fita kwana huɗu ko biyar a mako, mafi yawa gudu ne na sassarfa wanda mutum zai iya magana da na kusa da shi ba tare da haki ya ci ƙarfinsa ba. Rana ɗaya a mako, Asabar ko Lahadi da ba aiki, ita ce ta dogon zango: ya fara da kilomita 10 ko 12, ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya kai 30 ko 32. In ya rage mako biyu ko uku a yi tseren sai ya rage gudun ƙwarai, jiki ya huta ya tara ƙarfi. Wanda ya yi gaggawa ya ninka nisa cikin mako guda, gwiwa da agara su ne za su kai shi ƙasa tun bai ga tashar mota ba.

Akwai dalilin da ya sa ake dagewa a kan dogon zangon nan. Jikin ɗan Adam yana ajiye wani irin sukari a cikin tsoka da hanta, shi ne makamashin da ake ƙonawa in ana gudu. Ga yawancin mutane wannan ajiya takan ƙare wajen kilomita 30, sai ƙafafu su yi nauyi kamar an ɗaura musu dutsen niƙa, kai ya ɗau juwa, zuciya ta ce a tsaya. Dogon gudun mako-mako shi ke koya wa jiki tattalin wannan ajiya da kuma ƙona kitse a madadinta. Abincin da ake bukata kuwa ba sai an aika Turai ba. Tuwon dawa, da shinkafa da wake, da fura da nono, da ƙosai da koko, da dabino a aljihu don tsakiyar hanya, duk suna nan a kasuwar Gusau. Ruwa ma da ƙa'idarsa: ƙishirwa tana kayar da mai gudu, amma ɗirkar ruwa fiye da kima ba tare da ɗan gishiri ba shi ma yana da haɗari ƙwarai.

Sai kuma yanayi. Shirin nan zai faɗo ne cikin hunturu, lokacin da asubahin Gusau ke da sanyi mai daɗin gudu, amma ga ƙura da ke shaƙe maƙogwaro. Ranar tsere kuwa a Legas zai tarar da wani abu dabam, wato zafi mai gumi na bakin teku wanda zufa ba ta bushewa a cikinsa, saboda haka dole ya rage sauri daga abin da ya saba a gida. Ga kuma azumi, wanda ke matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, har ya kai ga shiga cikin watannin shirin. Mai hankali zai mayar da gudunsa bayan shan ruwa ko bayan asham, ya kuma rage nisa, ba ya fita da rana tsaka da baki a bushe yana neman suna ba. Kafin duk wannan ma wajibi ne ya je asibiti a auna jininsa da bugun zuciyarsa, musamman in ya haura shekara 40 ko akwai hawan jini a gidansu. In zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, ya kwanta ya warke tukuna. Wanda kuma ya ce sai ya haɗiyi ƙwayar Tramadol zai iya jure nisa, to ya ɓata rawarsa da tsalle, domin ƙwayar tana rufe ciwon da ya kamata ya gargaɗe shi ne kawai, ba ta ƙara masa ƙarfin komai.

Duk waɗannan abubuwa mai gudu zai iya yi wa kansa. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinsa, shi ne hanya. Dogon zango yana son doguwar hanya, kuma lokacinsa asuba ne kafin rana ta buɗe. To amma wane mai iyali ne zai kama hanyar Tsafe shi kaɗai da duhun asuba, bayan shekarun da aka kwashe 'yan bindiga suna tare matafiya a kanta? Hanyar da ya kamata ta zama filin horonsa ta zama wurin da direbobi ma ke addu'a kafin su shiga. Saboda haka sai ya koma kewaye cikin gari, yana kauce wa babura da Keke Napep da kwatami, ko kuma ya nemi filin wasa. A fagen tsere mai mita 400, kilomita 30 kewaye 75 ke nan. Mutumin da zai iya zagaya fili ɗaya sau 75 ba tare da mai tafa masa ba, ai ba abin dariya ba ne, abin a sara masa ne.

Waɗansu za su ce jihar da ke fama da rashin tsaro da makarantun da ke neman gyara ba ta da lokacin tseren ƙafa. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma babu mai hankalin da zai ce a ɗebe kuɗin asibiti a sayi kofin azurfa. Amma a cikin wasanni duka babu mai arha kamar gudu. Ba ya son ƙwallo, ba ya son raga, ba ya son doki. Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci tseren Olamfik na birnin Rum a 1960, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ya kuma sake ci a Tokyo a 1964. Banda haka, kuɗin da gwamnati da iyalai ke kashewa a kan hawan jini da ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki a tsakanin ma'aikatan da ke wuni bisa kujera, su koma gida bisa babur, ya ninka abin da za a kashe wajen shirya tsere sau da yawa. Saurayin da ya san zai tashi gudu da asuba kuwa ba zai kai tsakar dare a majalisar 'yan shaye-shaye ba.

Kada kuma a ce gudun nesa ba gadon mutanen nan ba ne. Kakannin Hausawa fatake ne da suka taka da ƙafa har Gwanja sayen goro. Manzannin sarakuna da ƙafa suke kai saƙo gari zuwa gari, mafarauta suna wuni a dawa suna bin nama, ƙasar Zamfara kuwa kowa ya san ta da 'yan dambe da 'yan kokawa masu juriya. A zamanin nan ma Abbas Mohammed da Yohanna Waziri sun wakilci Nijeriya a gudun fanfalaki na Olamfik a birnin Seoul a 1988, kuma a 1990 Abbas ya yi tseren cikin awa 2 da minti 16 da daƙiƙa 6 a Legas, bajintar da ta shekara fiye da 30 ba ɗan ƙasar nan da ya shafe ta. Abin lura a nan shi ne lokacin Bikila na 1960, ba takalmi, ya fi wannan sauri, alhali kuwa a 2023 Kelvin Kiptum na Kenya ya kammala tseren Chicago cikin awa 2 da daƙiƙa 35. Duniya ta yi gaba, Nijeriya na nan inda Abbas ya bar ta.

Gaskiya ne tuddai suna taimako. Garin Iten na Kenya, inda zakaru ke horo, yana bisa tudun da ya kai mita 2,400, kuma a nan gida 'yan Jihar Filato, musamman na wajen Fankshin, su ne suka fi yin fice a dogon zango. Gusau ba ta da irin wannan tudu. Amma abin da ya fi tudu aiki a waɗancan wurare shi ne yaro yana tashi ya ga yayyensa na gudu, ya ga malamin makaranta na riƙe da agogo, ya ga an girmama wanda ya ci. Zakara ɗaya ba ya fitowa sai daga cikin ɗaruruwan masu gudun sa kai irin ma'aikacin nan na Sabon Gari.

Saboda haka ga abin da ya kamata a yi, kuma babu mai tsada a ciki. Na farko, a tabbatar ƙofar filin wasa na tunawa da Sardauna da filayen manyan makarantu a buɗe suke ga jama'a daga bayan sallar asuba, maza da lokacinsu, mata da nasu. Na biyu, ma'aikatar da ke kula da matasa da wasanni ta keɓe wata hanya a cikin gari wadda za a hana ababan hawa bi na awa biyu kowace safiyar Asabar, da 'yan sanda da ma'aikatan kiyaye haɗurra a bakinta. Na uku, a kafa tseren shekara-shekara na Gusau cikin hunturu, a fara da kilomita 10, da motar asibiti da wuraren shan ruwa, ma'aikatu su fito da 'yan wasansu, haka ma Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Ilmi ta Tarayya da makarantun sakandare. Garin Okpekpe na Jihar Edo ƙaramin gari ne, amma tseren kilomita 10 da ya fara a 2013 ya kai sunansa ƙasashen waje. Kaduna ma ta yi nata tseren a 2020. Na huɗu, waɗanda suka yi fice a ɗauki nauyin motarsu da masaukinsu zuwa Legas da sunan jiha, kada a bar su suna bin 'yan'uwa da roƙon kuɗin mota.

Su ma masu gudun akwai nasu. Su daina fita ɗai-ɗai, su haɗa kai su riƙa fita rukuni, domin tsaro da kuma ƙarfafa wa juna gwiwa. Su sa tufafin da ya dace da mutuncin garinsu, kada su bari gudu ya ci sallarsu ko ya sa su makara ofis. Ta haka ne dattawan unguwa za su daina kallonsu a matsayin waɗanda suka rasa abin yi.

Tafiya sannu-sannu kwana nesa. In aka fara da kilomita 10 a cikin gari, wata rana a kai Bunguɗu. Ranar kuwa da aka tashi ɗaruruwan matasa daga Gusau da sanyin safiya, suka bi ta Kwatarkwashi, mutanen ƙauyuka na bakin hanya suna miƙa musu ruwa, har suka shiga Tsafe ba abin da ya same su, to ranar ba sai an yi wa kowa dogon jawabi a kan dawowar zaman lafiya ba, gani ya kori ji. Kafin wannan rana ta zo, wanda ya gamu da mai gudu da asuba a Sabon Gari ya kauce ya ba shi hanya, ya ce masa sannu da ƙoƙari. Allah Ya kawo zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, amin.