Labarin Magani Ma Yana Bukatar Isnadi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Tanut ranar da take ci, ya ga yadda makiyayi daga Tenhiya yake buɗe bakin raƙumi ya duba haƙoransa, ya shafa tozonsa, ya sa a tayar da shi ya taka kafin a soma ciniki, zai shaida cewa mutanen Damargu ba su sayen dabba a kan maganar dillali kaɗai. Abin takaici shi ne, wannan hattara da muke yi wa dukiyarmu mun kasa yi wa jikinmu, domin da zarar saƙo ya shigo ta WhatsApp cewa ga shayin da ke narkar da tumbi cikin kwana bakwai, sai mu karɓe shi hannu bibbiyu kamar nassi.

A ƙasar da ba ta manta da yunwar 2005 ba, inda har yau ake kai yara asibiti saboda tamowa, ƙiba alamar wadata ce a idon jama'a, shi ya sa wasu mata ke shan ƙwayoyin da ake ce wa sha-ka-fashe. Na ga wata 'yar'uwata da ta dage a kansu wata da watanni, fuskarta ta cika ana yaba mata, alhali kumburi ne, daga bisani likita ya tabbatar mata da ciwon sukari. Yanzu kuma iskar ta juya, masu tallar rage ƙiba sun shigo, kuma suna da gaskiyar da suke fakewa da ita, tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba mai cutarwa.

Malaman hadisi sun bar mana mizani, domin ba su karɓar matani sai sun bi isnadi, sun san adalcin mai ruwaya da ƙarfin haddarsa, sannan su ce wannan sahihi ne, wancan la'ifi. Haka ya kamata mu tambayi kowane labarin magani: wa ya faɗa, mutum nawa aka gwada, tsawon wane lokaci, kuma wa ke cin ribar sayarwa?

Allurar semaglutide, wadda ake sayarwa da sunan Ozempic ko Wegovy, tana da isnadi, domin a binciken da aka buga a 2021 an bi mutum 1,961 har mako 68, waɗanda aka yi wa ita suka rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu. Amma da aka daina, kusan kashi biyu cikin uku na abin da ya zube ya dawo cikin shekara guda, kuma mai talla ba zai gaya maka wannan ba. A Faransa ma, duk da yawan likitocinta, an daɗe ana ba mutane Mediator don rage cin abinci, sai a 2009 aka janye shi, bayan ya lalata zukatan jama'a da dama. To, ina ga garin da aka ƙulla a leda, babu suna, babu adireshi?

Saboda haka, ya ɗan'uwana na Tanut da Belbeji, idan ƙiba ta dame ka, ko ka ga kana ramewa ba dalili, je asibiti a auna nauyinka da jininka da sukarinka. Kuma saƙon da ba ka san asalinsa ba, kada ka tura wa kowa, domin lafiya amana ce da za a tambaye mu a kanta.